Filin bayan makaranta: ta ina za mu fara in muna so tsuntsaye da ƙananan namun daji su zauna a ciki?

Malamar Aji Biyar

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a wannan zaure. Makarantarmu tana da fili a baya, kimanin rabin hekta, ba a noma shi, ba a yi gini a kai ba. Akwai tsamiya babba guda ɗaya, da wata busasshiyar bishiya da har yanzu tana tsaye, da kututture da yawa masu tohowa duk damina, sauran kuma ciyawa ce. Hukumar makaranta ta amince mu mayar da wurin mafakar tsuntsaye da ƙananan halittu, yara su riƙa koyo a ciki.

Shirinmu shi ne mu share filin tas, mu sare busasshiyar, mu dasa darbejiya da turare layi-layi, mu rataya akwatunan sheƙa ashirin, sannan mu riƙa zuba wa tsuntsaye hatsi kullum. Wannan shiri ya yi? Da me ya kamata mu fara? Ta yaya za mu sa yara su damu da wurin, musamman masu yawo da danƙo a aljihu? Iyaye kuma tun yanzu sun fara maganar macizai.

Ɗan Gandun Daji

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri bisa wannan niyya. Amma don Allah ku ajiye gatari da ashana tukuna. Abubuwan da kuke shirin sharewa su ne dukiyar filin.

Waɗannan kututture da ke tohowa bishiyoyi ne masu rai, saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa. Tohon kututture yakan yi a shekara biyu tsayin da dashe ba zai kai a shekara biyar ba, kuma ba ya neman ban ruwa. Aikin da za a yi masa shi ne wanda manoma ke kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, ya fara yaɗawa a yankin Maraɗi a 1983, har aka farfaɗo da bishiyoyi a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. A kowane kututture ku zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ku yanke sauran daga gindi. Rassan da kuka bari, ku rage musu ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu kawai, kada ku wuce haka, in ba haka ba iska ko akuya za ta karya su. Adda ta kasance mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama. Saran sama zuwa ƙasa yana tsaga ɓawo, ruwa ya shiga, gara ta biyo. A koma kan kowane kututture bayan wata uku zuwa shida don cire sabon toho. Ku ɗaura wa wanda kuka zaɓa jan ƙyalle don masu neman itace su san da mai shi.

Busasshiyar nan ku bar ta, sai dai in tana kusa da aji ko hanyar yara har za ta iya faɗo wa wani. In haka ne, a rage mata kai a bar gangar jikin mita uku zuwa huɗu a tsaye. Maƙoƙofa a irinta take haƙa rami, bayan ta tashi wasu tsuntsayen su gaje ramin.

Turare ba na ba da shawararsa ko kaɗan: yana shan ruwa da yawa, kuma ƙarƙashinsa kusan ba abin da ke fitowa. Darbejiya asalinta daga yankin Indiya ne. Tsuntsaye da jemagu suna cin 'ya'yanta, inuwarta kuma ba ta da laifi, to guda biyu a bakin fili sun isa, ita da kanta za ta yaɗu fiye da yadda kuke so. In za ku yi dashe, ku nemi itatuwan da halittun wurin suka saba da su, kuma masu ba da abinci a lokuta daban-daban. Dangin ɓaure su ne kan gaba, cediya da durumi da ɓauren kansa, domin ba duka suke nuna lokaci ɗaya ba, kuma kusan duk tsuntsu mai cin 'ya'yan itace yana zuwa musu. Cediya ma ba ta buƙatar iri: a sari reshe mai kaurin hannu, tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a kafa shi santimita 40 cikin ƙasa da farkon damina. Amma a nisanta ta da gini aƙalla mita 15, saiwarta tana fasa bango. Sai gawo, wanda yake fitar da ganye da fure lokacin da sauran ke kaɗewa, ya rufa wa ƙudan zuma asiri. Sai magarya da kurna da aduwa: ƙayarsu ce ke sa ƙananan tsuntsaye su yarda su yi sheƙa a ciki.

Irin gawo da na bagaruwa ɓawonsu yana da tauri. A zuba musu ruwan zafi, a bar su cikinsa kwana ɗaya kafin shuka. Rami santimita 40 faɗi da zurfi, a yi masa gurbin tare ruwa mai siffar rabin wata. Yawancin dashen da ke mutuwa akuya ce ke kashe shi, ba fari ba, don haka kowane ɗaya a kewaye shi da ƙaya ko waya mai tsayin mita ɗaya da rabi kafin a bar wurin, ba gobe ba. A ranin farko a ba kowane dashe ruwa lita 10 sau biyu a mako.

Kada ku cike filin da bishiya. Ashirin zuwa talatin sun isa rabin hekta. Ku bar sarari na ciyawa, a riƙa yanke kashi ɗaya cikin uku duk shekara ana juyawa. Da ciyawa ta fara bushewa, a share zagayen filin faɗin mita huɗu saboda gobara. Kuma ku sa hukumar makaranta ta rubuta amincewar nan a takarda, shugabanni suna canzawa.

Hajiya Mai Tsuntsaye

Malama sannu da ƙoƙari. Abin da Malam ya faɗa a kan itatuwa haka yake. Ni zan yi magana a kan ruwa da akwatuna da ƙidaya.

Ruwa ne abu na farko, kuma shi ne zai nuna muku sakamako cikin mako ɗaya ko biyu, musamman da rani. Ku samu kasko mai faɗin santimita 40 zuwa 60, mai gangare a hankali, zurfin ruwan daga santimita 2 a baki zuwa 5 a tsakiya. Roba mai santsi da bokiti mai zurfi ba su da kyau, ƙaramin tsuntsu yana zamewa ya nutse. A jera duwatsu biyu ko uku a ciki, kansu ya fito sama da ruwa, don ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su samu wurin tsayawa. Kasko biyu ya fi: ɗaya a ƙasa don bushiya da kurege da ƙadangare, ɗaya a kan tudun bulo mai tsayin mita ɗaya. A sa su a inuwa, tazarar mita biyu zuwa uku daga wani daji mai ƙaya. In ya yi kusa sosai kyanwa za ta laɓe a ciki, in ya yi nisa sosai tsuntsu mai jiƙaƙƙen fiffike ba zai tsere wa shaho ba. A zubar da ruwan a goge kaskon duk bayan kwana biyu. Sauro yana buƙatar kimanin mako guda zuwa kwana goma daga ƙwai zuwa tashi, wanda ke canza ruwa haka ba zai taɓa kiwonsa ba. Abin da ke lalata wannan aiki shi ne hutun makaranta. Tsuntsaye sun saba, sai a wayi gari kasko ya bushe a tsakiyar zafi. Ku tsara wanda zai riƙa zuwa lokacin hutu tun kafin ku ajiye kaskon.

Akwatuna ashirin ɓarnar katako ce. Kurciya da marai da sha-zumami da bainu ba sa shiga irin wannan akwati, kowa da irin saƙarsa. Masu kwana a kogon itace ne kawai za su duba shi. Ku fara da uku ko huɗu. Katako mai kaurin santimita 2, ba a shafa masa maganin gara ko fenti a ciki ba. Rufin kwano a'a, da rana akwatin zai zama tanda. Ga ƙananan tsuntsaye: ƙasan akwati santimita 12 sau 12, tsayi 25, ƙofa zagayayya mai faɗin milimita 32, a huda ta can sama, aƙalla santimita 12 daga ƙasan akwatin. Ga masu girman shaya, a ƙara girman akwatin, ƙofa milimita 45 zuwa 50. A huda ƙananan ramuka huɗu a ƙasa don ruwa ya fita, biyu a gefe kusa da rufi don iska. Kada a kafa ɗan sandan tsayawa a bakin ƙofa, hankaka da kyanwa ne ke amfana da shi. A rataya mita uku daga ƙasa, a inuwa, ƙofar ta ba ranar yamma baya. A ɗaure da waya da aka zura cikin tsohon tiyo, ba ƙusa a jikin bishiya ba.

Ku sani kuma, sau da yawa zuma ce ke riga tsuntsu shiga, musamman babban akwati. A makaranta wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ta shiga, a kira mai kiwon zuma ya kwashe ta da dare, kada yara su je da dutse.

Yanzu ƙidaya, wadda ni a ganina ita ce zuciyar aikin. Kafin ku taɓa komai a filin, ku ƙidaya abin da ke ciki, in ba haka ba nan da shekara biyu ba ku da hujjar cewa an samu ci gaba. Ku kafa turaku biyu, ɗaya a kowane ƙarshen fili. Sau ɗaya a wata, cikin awa biyun farko bayan fitowar rana, rukunin yara shida zuwa takwas su tsaya a turke, su yi shiru minti biyu, sannan su rubuta duk tsuntsun da suka gani ko suka ji cikin minti goma daidai. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, tsawon lokaci ɗaya, kullum. In wata guda an yi minti goma, wani watan an yi talatin, alƙaluman sun tashi banza. Wanda ba a san sunansa ba, a rubuta girmansa idan an kwatanta da bainu ko kurciya ko hankaka, da siffar bakinsa, da launinsa, da inda yake, da abin da yake yi. Madubin hangen nesa guda ɗaya mai lamba 8x32 ko 8x42 ya ishi rukuni. Mai ƙarfin 12 ko sama yana rawa a hannun yaro.

Bayanan nan suna da inda za su. Akwai manhajar eBird ta Jami'ar Cornell ta Amurka don tsuntsaye, da manhajar iNaturalist don ƙwari da tsirrai. Akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Afirka, wanda a Najeriya cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta tun 2015. A tsarinsa an yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 sau 9, a yi aƙalla awa biyu ana dubawa, a shigar da sunaye ta manhajar BirdLasser. Manhajojin gane tsuntsu ta hoto ko kuka suna kuskure a kan tsuntsayen Afirka, don haka abin da ba ku tabbatar ba ku bar shi a littafinku. Kuma kada a sa ainihin wurin sheƙar ungulu ko aku a intanet, masu kamawa su ma suna da waya.

Likitan Dabbobi

Malama, maganar zuba hatsi ku janye ta. Yana tara ɓera da gafiya, kuma inda ɓera ya taru nan maciji yake zuwa, ga shi dama iyaye suna tsoro. Yana kuma cunkushe kurciyoyi wuri ɗaya, su riƙa ɗaukar wata cutar maƙogwaro da ke bi ta yawu. Alamarta tsuntsu ya kumbura gashi, ya kasa haɗiya, bakinsa ya jiƙe. In kun ga haka ko a bakin kasko ne, ku ɗauke kaskon mako biyu, ku wanke shi da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, ku ɗauraye sosai ya bushe a rana. Ciyawar da kuka bari ta yi iri ita ce hatsinsu.

Babban makashin namun daji a irin wannan wuri guba ce, ba danƙo ba. Maganin ɓera mai hana jini daskarewa ba ya kisa nan take. Ɓeran yakan yi kwanaki yana yawo a galabaice, mujiya ko shirwa ko tunku ya ɗauke shi cikin sauƙi, shi ma ya mutu. Mushen da aka barbaɗa wa maganin ƙwari don kashe karnuka yana iya share ungulayen yanki a yini ɗaya. Ungulun da muka saba gani a gari tun 2015 tana cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya. A Indiya maganin dabbobi guda ɗaya, diclofenac, ya kashe sama da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu masu cin mushen dabbobin da aka yi wa shi, kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. To ku fara da ɗakin ajiyar makarantar: tarko maimakon guba, da rufe shara.

Macizai kuwa, kada ku yi wa iyaye alkawarin babu su. Duk filin ciyawa yana iya samunsu, ko an gyara ko ba a gyara ba. Abin da za ku iya shi ne raba hanya da su. Hanyoyin yara su zama sharar faɗin mita ɗaya da rabi. Tsibin itace da duwatsu da za ku yi wa bushiya da ƙadangare ya kasance can ƙarshen fili, aƙalla mita 30 daga aji. Ba mai shiga sai da rufaffen takalmi, ba mai zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ba shiga bayan magariba. Tun yanzu ku san asibitin da ke da allurar dafin maciji. In an yi sara: a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron kada ya taka, a wuce asibiti. Ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. In dafi aka tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take, sannan asibiti. Jemage da ya faɗo ba a taɓa shi da hannu, yana iya ɗauke da cuta irin ta haukan kare.

Abu na ƙarshe, yara za su fara kawo muku 'ya'yan tsuntsu. Wanda ya yi gashi yana tsalle-tsalle, a mayar da shi inda aka ɗauko, iyayensa suna kusa. Tsirara wanda bai yi gashi ba, a mayar sheƙa. Zancen uwa tana ƙin ɗa saboda an taɓa shi ba gaskiya ba ne. Kada a ɗura masa ruwa ko madara, ruwan huhu yake wucewa.

Malamar Aji Biyar

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Mun fasa sharewa da hatsi. Saura maganar masu danƙo, ba wanda ya taɓa ta. Mu riƙa ƙwacewa ne? Sannan Dakta, tunda ɓera yana damunmu a ɗakin ajiya, ko mu yi wa mujiya akwati?

Tsohon Shugaban Sikawut

Malama, ƙwace danƙo ba ya magani, da yamma zai yanko wata gwafar ya haɗa sabo. Kuma yaran nan su ne suka fi kowa sanin tsuntsu a makarantarku. Sun san kukan kowanne, sun san inda yake sha, sun iya laɓe. Ku ba su muƙami. Mai danƙo shi ne zai riƙe madubi a rukuninsa, shi ne zai koya wa sauran tafiya ba ƙara. Sharaɗi ɗaya: danƙo ba ya shiga fili, a ajiye shi a bakin shiga.

Lacca a kan muhalli ba ta kama zuciyar yaro. Abin da ke kamawa shi ne a ce wannan naka ne. Kowane yara biyu a ba su kututture ɗaya da sunansu a jiki, su auna tsayinsa duk wata da igiya mai ƙulli. Sheƙar da aka gano a ba rukuni guda, su riƙa kallo daga nisan mita goma, minti sha biyar, suna ƙirga sau nawa iyayen suka kawo abinci. Ba hawa, ba leƙawa, kuma ba a nuna sheƙa ga aji gaba ɗaya lokaci guda, sawun mutane da yawa yana nuna wa hankaka da kyanwa hanya. A manna babbar takarda a bango a riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa kowace shekara, da ranar da tsattsewar Turai ta iso bayan damina, da ranar da ta ɓace. In an tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, a kwafe lamba da adireshin da ke jiki a aika wa masu binciken da suka sa shi, sukan amsa da inda aka sa zoben da shekarar. Iyaye kuwa ku gayyace su sau biyu a shekara, ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya ta dace da haka, Asabar ta biyu a Mayu da ta biyu a Oktoba. Yara su yi bayani, malamai su yi shiru. Ku roƙi dattawa su faɗi sunayen itatuwa da tsuntsayen da suka sani a wurin da, a rubuta.

Likitan Dabbobi

Akwatin mujiya yana aiki, manoma a Isra'ila da Jodan da gonakin kwakwar manja a Malesiya sun daɗe suna rage ɓera da shi. Farar mujiya guda tana cin ƙananan ɓeraye uku zuwa huɗu a dare. Amma sai an daina guba gaba ɗaya tukuna, har a gidajen da ke kewaye, in ba haka ba kiranta kuka yi ta mutu. Kuma a fara shawo kan iyaye, domin camfin da ake yi mata zai iya jawo wa filin duka baƙin jini. Ni da zan bar shi sai shekara ta biyu.

In lokacin ya yi: ƙasan akwati aƙalla santimita 45 sau 45, ƙofa 13 sau 13 can sama, daga bakin ƙofa zuwa ƙasan akwati kada ya gaza santimita 45, don 'ya'yan kada su faɗo kafin su iya tashi. A zuba ɓawon katako kaurin yatsa biyu a ciki. A kafa shi mita huɗu daga ƙasa, a inuwa mai kauri, tsamiyar nan ta dace, ƙofa tana kallon sarari. Kwanci wata ɗaya ne, 'ya'yan kuma sai sun yi kamar wata biyu kafin su tashi, duk tsawon lokacin ba a buɗe akwatin. Dunƙulen gashi da ƙashi da take amayarwa a gindin bishiya, a tsince da safar hannu, a jiƙa a ruwa, yara su ware da tsinke su ƙirga ƙoƙon kan ɓeraye nawa ne a ciki, sannan kowa ya wanke hannu da sabulu.